Yadda ake shirin ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi idan ciwo ya ci ƙarfin jiki

Mai fama da farfaɗiya mai taurin kai, ko cutar Parkinson mai sa karkarwa da sanƙarewar jiki, ko shanyewar ɓarin jiki, ko wani ciwon laka da jijiyoyi da ya hana shi sakat, yakan shafe watanni yana jiran ranar da zai ga ƙwararren likita. Ranar ta zo, a kira sunansa, ya shiga, kafin ya gama daidaita numfashi har an sallame shi. Sai a hanyar gida zai tuna bai faɗi faɗuwar da ya yi a banɗaki ba, bai kuma tambayi dalilin jirin da yake ji tun da aka ƙara masa magani ba.

Ƙarancin lokacin ba laifin kowa ba ne a ɗakin. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2021 mutum fiye da biliyan 3 ne ke rayuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi, wato sama da mutum ɗaya cikin kowane uku, alhali likitocin fannin 'yan ƙalilan ne a mafi yawan ƙasashe. Ga wata matsalar kuma: irin waɗannan cututtuka suna hawa suna sauka. Likita zai iya ganinka a sa'ar da jikinka ya fi kowane lokaci sauƙi, ya yanke hukunci a kan abin da idonsa ya gani. Shirin da ake magana a kansa shi ne ka nemo hanyar da za ka shigar da watannin da ka yi a gida cikin 'yan mintunan nan, ba tare da tafiyar ta kwantar da kai ba.

Makonni kafin ranar: ka fara rubutu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar an ba ka rana, ka nemi ƙaramin littafi, ko ka buɗe shafi a waya, ka riƙa rubuta layi biyu ko uku kullum. Idan hannu na karkarwa ko rubutu na gajiyar da kai, ka ɗauki muryarka a waya, wani ya kwafe maka a ƙarshen mako. Kada ka tsawaita, domin littafin da ke cin ƙarfi ba ya kai sati guda ake ajiye shi.

Abin da ya fi amfani a ciki shi ne lokaci da kuma abin da ciwon ya hana ka yi. "Jiki ba daɗi yau" ba ta ba likita komai da zai riƙe. Duba wannan:

"Talata. Na sha magani ƙarfe 7 na safe. Zuwa 8 na iya ɓalla maɓallin riga da kaina. Ƙarfe 10 da rabi ƙafa ta kafe a bakin ƙofa, sai da aka kama ni. Magani na gaba sai 12."

Likitan da ya karanta irin wannan layi sau biyar a mako ɗaya ya riga ya gane cewa ƙarfin maganin yana ƙarewa kafin lokacin shan na gaba ya yi, abin da ya zama ruwan dare ga waɗanda suka daɗe suna shan levodopa, maganin cutar Parkinson, kuma ana gyara shi ta hanyar sauya tazarar sha ko ƙara wani magani.

Kowane ciwo da abin da ake sa wa ido. Mai farfaɗiya ya rubuta rana da sa'ar da ta tashi, tsawon lokacin da ta ɗauka, ko ya ji wata alama kafin ta zo, ko ya taune harshe ko fitsari ya kufce masa, da abin da ya gabace ta: rashin barci, zazzaɓi, tsallake magani, ko zuwan al'ada ga mace. Mai ciwon ɓarin kai ya ƙirga abu biyu daban, kwanakin da kai ya yi ciwo a wata da kwanakin da ya sha maganin kashe zafi. Ƙirga na biyun yana da nauyi, domin shan irin su paracetamol kwana 15 ko fiye a wata, tsawon watanni, yana iya zama shi kansa sanadin ciwon kai na kullum. Mai myasthenia gravis, ciwon da tsoka ke saurin sarewa, ya lura da bambancin safe da yamma: yaushe fatar ido ke faɗowa, yaushe yake ganin abu bibbiyu, yaushe tauna ke gagara. Mai cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, ya rubuta ko zafin rana ko wanka da ruwan zafi na dawo masa da tsofaffin alamu, ya kuma ware duk sabuwar alamar da ta wuce sa'a 24 ba ta tafi ba.

Duk faɗuwa a rubuta ta, ko da ba a ji rauni ba. A ina, kana cikin yin me, ka yi tuntuɓe ne ko ƙafa ce ta saki, ko idonka ne ya yi duhu da ka miƙe tsaye.

Bidiyo ya fi dogon bayani

A ganina, wayar da ke hannun 'yan gida tana cikin kayan aikin da suka fi taimakon likitan jijiyoyi a yau, kuma an fi sakaci da ita. Mai farfaɗiya sau da yawa ba ya tuna komai, wanda ya gani kuma tsoro ya ruɗa shi, minti ɗaya ya zame masa goma. Ga shi kuma abubuwa da dama suna kama da farfaɗiya alhali ba ita ba ce, kamar suman da saukar jini ko matsalar bugun zuciya ke jawowa. Gwajin EEG, wanda ke auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, na iya fitowa lafiya ƙalau ga mutumin da tabbas yana da farfaɗiya, don haka abin da ido ya gani yana da babban matsayi wajen gano ciwon.

Ku tattauna a gida tun ana zaune lafiya, majiyyacin ya amince da bakinsa a ɗauke shi. Idan abin ya taso, lafiyarsa ce a gaba: a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki, idan fizgar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. Mutum na biyu ne zai riƙe waya. Ya ɗauki jiki gaba ɗaya, sannan ya matso ga fuska a ga idanu a buɗe suke ko a rufe, ya kira sunan majiyyacin a ji ko zai amsa, ya ci gaba da ɗauka har zuwa farfaɗowa, domin yadda mutum ke dawowa hayyacinsa ma bayani ne. Haka ake yi wa karkarwa, da kafewar ƙafa, da murɗe-murɗen jiki bayan shan magani, da muryar da ke shaƙewa da yamma. Ka zaɓi bidiyo biyu ko uku mafiya fitowa, ka ware su wuri guda, don kada ka zauna gaban likita kana lalube cikin ɗaruruwan hotuna. Bidiyon nan sirrin majiyyaci ne, ba na turawa kowa ba.

Magunguna: ka kwashe su duka

Ka zuba duk abin da kake sha cikin jaka ɗaya, kowanne a kwalinsa ko kwalbarsa. Har da na hawan jini, na barci, na ƙarin kuzari, na tsarin iyali, ɗigon ido, abin da ka saya da kanka ba tare da takardar likita ba, da maganin gargajiya. Sannan ka rubuta sunan kowanne, ƙarfinsa, da sa'ar da kake sha a zahiri, ko da ta saɓa da abin da aka rubuta maka. Idan an ce sau uku kana shan sau biyu saboda yana sa ka barci ko yana ƙarewa da wuri, ka faɗa. Likitan da ya ɗauka kana shan cikakken adadi ciwo bai lafa ba, zai ƙara maka ƙarfin magani ko ya jefar da maganin da bai samu damar yin aikinsa ba.

Na dage a kan wannan mataki ne saboda a fannin jijiyoyi maganin wani ciwo daban yana iya ɓata komai. Metoclopramide da ake bayarwa don amai, da haloperidol da ake bayarwa don taɓin hankali, suna tsananta alamun Parkinson, har suna iya haifar da makamantansu ga wanda ba shi da cutar. Gentamicin da ciprofloxacin suna cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ke iya ƙara raunin mai myasthenia gravis. Tramadol, maganin kashe zafi, na iya tayar da farfaɗiya. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin suna rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali da dama. Sodium valproate kuwa, shi ma maganin farfaɗiya, yana da haɗari babba ga ɗan da ke ciki, don haka duk macen da ke shansa kuma za ta iya ɗaukar ciki, wannan magana ta shiga sahun farko na abin da za ta tattauna, tun kafin a samu cikin.

Duk da haka kada ka dakatar da komai da kanka kafin ranar. Yanke maganin farfaɗiya, ko baclofen mai sassauta tsoka, ko levodopa, ko prednisolone mai rage kumburi da aka daɗe ana sha, farat ɗaya, yana iya jawo abin da ya fi ciwon asali muni. Ka kuma rubuta magungunan da ka taɓa gwadawa a baya da dalilin barinsu, musamman wanda ya taɓa fesar maka da ƙuraje.

Takardu

Takardar da aka turo ka da ita, katin asibiti, takardun sallama, sakamakon gwajin jini, da na EEG, a jera su daga sabo zuwa tsoho. Game da hoton cikin jiki na MRI ko CT, ka tafi da hoton kansa, a faifai ko a fim, tare da rahoton. Likitocin jijiyoyi sukan so su duba da idonsu. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya kafin ta bar hannunka.

Shafi guda, buƙatu uku

Kwana biyu ko uku kafin tafiya, ka zauna da littafinka ka tace shi zuwa shafi ɗaya. A sama sunan ciwon idan an gano shi, da shekarar da ya fara. Sai abin da ya canja tun ganin ƙarshe. Sai abubuwa uku da ka fi so a warware, mafi damunka a farko. Za ka ji kamar uku sun yi kaɗan, amma wanda ya shiga da tambaya goma sha biyar yakan ƙare lokacinsa a kan ta farko da ta biyu, waɗanda wataƙila ba su ne masu nauyi ba. Sauran ka rubuta su a ƙasa, idan lokaci ya ragu a taɓa su. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya ka miƙa wa likita da zarar ka zauna.

Ka tuntuɓi asibitin tun da wuri

Idan ana ba da zaɓin lokaci, ka nemi sa'ar da jikinka ya fi ɗaukar wahala. Ka tambaya ko akwai keken marasa lafiya a ƙofa, ko ɗakin likita a bene yake, ko akwai inda mutum zai kishingiɗa idan zama ya gagara, ko banɗakin zai shigu da keke. Wasu asibitocin suna yarda a yi ganawar bibiya ta waya ko ta bidiyo, kuma ga wanda tafiya ke kwantar da shi kwanaki, tambayar ta cancanci a yi ta.

Ka tambaya kuma ko za a yi gwaji a ranar, domin kowanne da shirinsa. EEG yana son gashi a wanke, babu mai ko kaɗan, kuma kitso mai tsauri ko ƙarin gashi na hana a manna wayoyin a fatar kai. Wani lokaci a ce ka rage barci a daren, amma wannan sai in likita ne ya umarta. Gwajin jijiya da tsoka da ake yi da ɗan lantarki da siririyar allura yana son fata ba shafe-shafe. MRI maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, sai ka sanar da su duk wani ƙarfe ko na'ura da aka taɓa dasa maka a jiki, ko kana da ciwon ƙoda, ko akwai juna biyu, ko wuri matsattse na firgita ka, ko karkarwa za ta hana ka kwanciya shiru na rabin sa'a ko fiye. Idan za a ɗebi ruwan laka a gadon baya, dole su san ko kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Idan kuma za a auna yawan maganin farfaɗiya a jini, ka tambaya ko za ka jinkirta shan na safe sai an ɗebi jinin. In ba a ce maka komai ba, ka sha magungunanka yadda ka saba, ka rubuta sa'ar da ka sha na ƙarshe.

Tattalin ƙarfi

Ka ɗauki zuwa asibiti a matsayin aikin kwana uku: jajibiri, ranar kanta, da washegari. A jajibiri ka gama wanka, haɗa jaka da fitar da kayan sawa, sannan ka huta. Washegari kada ka ɗora wa kanka komai. Wannan ya fi zama wajibi ga masu ciwon gajiya mai tsanani da ake kira ME, waɗanda jikinsu kan rushe bayan sa'a 12 zuwa 48 da yin abin da ya fi ƙarfinsu.

Ka sa kaya masu faɗi da za a iya naɗe hannu da ƙafa, da takalmi mai sauƙin cirewa, domin za a duba har tafin ƙafarka. A jaka a sa maganin yini guda cur har da rara, saboda layi ba ya duba lokacin shan magani. A sa ruwan sha, ɗan abin taɓawa, kayan canji idan riƙe fitsari na ba da wahala, tabarau mai duhu da abin toshe kunne ga wanda haske da hayaniya ke tayar masa da ciwo. Ka tafi da sandarka ko abin dogarawarka ko da ranar ka ji garau, likita na bukatar ganin yadda kake tafiya da shi. Kada ka tuƙa kanka idan kana suma ko farfaɗiya, ko za a ba ka maganin da ke sa barci.

Ɗan rakiya

Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ke kwana yana tashi da kai, ya ga faɗuwar, ya ji abin da kake yi cikin barci. Ku raba aiki tun a gida: kai za ka yi magana, shi zai riƙe takardu, ya rubuta abin da likita ya ce, ya tuna maka abin da ka tsallake. Sau da yawa idan mutum yana kan keke ko maganarsa ba ta fita sosai, sai ka ga hira ta koma tsakanin likita da ɗan rakiya, majiyyaci na zaune kamar ba a kansa ake yi ba. Abin yana da ciwo, kuma ɗan rakiya nagari shi ke gyara shi, ya ce, "Likita, bari ya faɗa da kansa, yana ji, sai dai a ɗan yi haƙuri da shi." Kana da ikon cewa ya ɗan fita idan akwai maganar da ba ka so a yi a gabansa.

A cikin ɗakin

Likita zai ce yaya jiki, baki kuma zai riga tunani ya ce da sauƙi. Babu laifi, gaisuwa ce. Amma kada ka tsaya a nan. Ka bi ta da jimlar da ka shirya, misali: "Likita, tun zuwana na ƙarshe na faɗi sau huɗu, yanzu ba na iya wanka sai an taimaka min, kuma abin da ya fi damuna shi ne ina ƙwarewa idan na sha ruwa." Ka bayyana ranarka mafi muni da ranarka ta yau da kullum, ka kuma faɗi ko yau tana cikin masu sauƙi ne. Dauriya hali ne mai kyau, sai dai a ɗakin nan tana iya sa a bar ka a kan maganin da ya daina isarka.

Akwai abubuwan da kunya ke sa a haɗiye, alhali jijiyoyi ne ke tafiyar da su kuma yawancinsu suna da magani: kufcewar fitsari ko ƙin fitarsa, taurin bayan gida, raunin kusantar iyali, dalalar miyau, mantuwa, ganin abin da babu shi, gyambon kwanciya, da baƙin cikin da ya ƙi tafiya. Masu shan pramipexole ko ropinirole don cutar Parkinson su san cewa magungunan nan kan sa wasu su faɗa caca, ko kashe kuɗi ba lissafi, ko yawan ci, ko sha'awa fiye da kima. Ba lalacewar hali ba ce, illar magani ce, kuma takan lafa idan likita ya gyara shi. Idan har tunanin kashe kai ya taɓa zuwa maka, ka faɗa a ranar, kai tsaye. Abin da baki ya kasa furtawa, ka rubuta shi a takarda ka miƙa.

Lokacin gwajin jiki, a ce ka taɓa hanci, ka bi yatsa da ido, ka tura hannu, ka yi tafiya. Ka yi iya ƙoƙarinka na gaskiya, kada ka ƙara kada ka rage, in wani abu ya yi zafi ko ya gajiyar da kai ka faɗa. Idan kana jin jiri duk lokacin da ka miƙe, ka roƙi a auna jininka a kwance sannan a tsaye. Saukar lambar sama ta awon jinin da maki 20 ko fiye cikin minti uku da miƙewa alama ce da likita zai so ya sani.

Kafin ka tashi

Ka maimaita wa likita abin da ka fahimta da bakinka: "Wato zan ƙara rabin ƙwaya da dare na mako biyu, sannan in mai da ita ɗaya, haka ne?" A nan ake kama kuskure. Duk sabon magani ka san amfaninsa, yaushe za a fara ganin aikinsa, wace illa ce za a jure, wace ce kuma za ta sa a dawo da gaggawa. Lamotrigine da carbamazepine na farfaɗiya, alal misali, ƙurajen da suka feso a makonnin farko na shansu ba abin jira ba ne. Ka tambayi wa za ka tuntuɓa idan jiki ya rikice kafin ranar komawa, da yadda za ka samu sakamakon gwaji. Ka tambaya ko kana bukatar ganin masu gashin ƙashi da motsa jiki, ko masu gyaran magana da haɗiya, ko masu koya dabarun ayyukan yau da kullum, domin likita a cikin sauri yakan manta da su, ga shi kuma su ne sukan rage faɗuwa da ƙwarewa. Idan kana bukatar takardar shaida don wurin aiki ko makaranta, yanzu ne lokacin nema. Ka tabbata an rubuta maka maganin da zai kai ka har ranar komawa.

Da ka isa gida ka huta, sannan kai da ɗan rakiya ku gyara jerin magunguna, ka buɗe sabon shafi a littafi, ka sa ranar da aka fara sabon tsari a samansa.

Abin da ba ya jiran ranar asibiti

Wasu alamu ba a rubuta su a littafi a jira wata mai zuwa, sashen gaggawa ake nufa nan take. Farfaɗiyar da ta wuce minti 5, ko ta sake tashi mutum bai farfaɗo daga ta farko ba. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar harshe da suka zo farat ɗaya, ko da sun wuce bayan 'yan mintuna, domin maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa ana ba da shi ne cikin kimanin sa'a 4 da rabi daga farawar alamu. Ciwon kan da ya sauko kwatsam da tsananin da ba a taɓa ji ba. Numfashi ko haɗiyar da ke ƙara gagara, musamman ga mai myasthenia gravis. Raunin ƙafafu da ke hawowa sama cikin kwanaki, ko sagewar tsakanin cinyoyi tare da tsayawar fitsari. Zazzaɓi da sanƙarar wuya ko ruɗewa. A irin wannan fita ma a ɗauki jakar magani da shafin nan guda, a kuma lura da sa'ar da aka ga mutumin lafiya ƙalau a karo na ƙarshe, domin ita ce tambayar farko da za a yi a asibiti.